Kawu Sati da Injin Marigayi Ogbonna

Shekarar da na dawo Samaru daga Fatakwal, ban zo da komai ba sai jaka guda da ƙafar da ta manta yadda ake zama. Gari na wayewa sai in bi titi, in leƙa nan in leƙa can, in ƙare a rumfar Kawu Sati, ƙanen mahaifiyata, mai gyaran injin markaɗe da janareta a ƙofar gidanmu. Ba aiki ke kai ni ba. Labari nake zuwa sha.

Kawu ya taɓa zuwa Lakwaja sau ɗaya, biki. Tun daga wannan tafiya ya zama mutumin ruwa. A allon rumfarsa an rubuta "Injiniyan Tudu da Ruwa", kuma in ka ba shi kunne zai tuƙa ka a jirgi har inda Kwara ta haɗu da Binuwai, kada na biye da ku. Matarsa ta daɗe da rasuwa, kuma kowa ya san inda zuciyarsa ta koma: kasuwar Sabon Gari, layin 'yan kifi, rumfar Madam Clementina.

Clementina haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta sai dai ta ba wani aro. Mijinta Ogbonna ya rasu ya bar mata rumfar da wani tsohon injin kwale-kwale, irin wanda ake ratayawa a bayan jirgi, mai tankin mai a kansa. Daga Anaca ya taho da shi, ya jingine a kusurwa, bai samu ya sa shi a ruwa ba har Allah ya kira shi. Daura da rumfarta kuma akwai Nwankwo mai sayar da kayan babur, gwauro, wanda shi ma ba don kifi yake yawan tsallako layin ba.

Ranar da na raka Kawu rumfar Clementina, ya tsaya gaban injin ya rufe ido ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa.

"Madam, wannan ba abin da ke damunsa sai kewar ruwa."

"Har injin Ogbonna ka fara yi wa duba?"

"Kafireto ne ya toshe, giya kuma ta yi tsami. Irinsa nawa na kwance a Lakwaja ina cin gyaɗa."

Nwankwo ya leƙo. "Injiniya, janaretan cocinku da ka gyara, har yanzu da fitilar ƙwai ake addu'ar yamma?"

"Wannan aikin Shaiɗan ne, ba na makaniki ba."

Clementina ta goge wuƙa a zaninta. Ta ce ta gaji da kifin ƙanƙara. Masuntan tsallaken dam ɗin Shika na da ɗanyen kifi, amma kafin ta kewaya ta hanyar mota wasu sun riga ta. Sannan ta dubi Kawu.

"Sati, ka daɗe kana cewa za ka turo manyanka. Ranar da injin nan ya kai ni tsallake ya dawo da ni, ka turo su. Amma ka sani, shi kaɗai ne abin da Ogbonna ya bar mini wanda ba ya wari."

"Lahadi mai zuwa," in ji Kawu. "Ki ɗaura ɗankwalin da iska ba za ta ɗauke ba."

A kan acaɓa aka kai injin Samaru, Kawu na rungume da shi kamar mara lafiya, farfela na gaisawa da kowace mota.

Ya fara da kafireto. Ya ɗauko farantin da mahaifiyata ke tsince shinkafa, ya zazzage kayan ciki a kai, ya tsotsi fetur da baki ya fesa, ya hura, ya tofar. Dattin da ya fito kamar tsohon ƙanzo. Ya zaro wani ɗan mitsitsin ƙarfe rawaya mai rami ya ɗaga mana.

"Kun ga wannan? Jet ke nan. Ta nan mai ke wucewa. Duk girman injin nan, wannan ne limaminsa."

Ya ajiye limamin a bakin faranti ya juya neman tsinken tsintsiya da zai zura masa. Kazar maƙwabciyarmu Bibiana ta daɗe da sanin farantin nan. Ta zo a natse, ta duba, ta zaɓi abin da ya fi kama da masara.

Kawu ya bi ta har ƙarƙashin gadon Bibiana.

"A yanka ta yanzu," ya ce, yana haki.

"A yanka wa?" in ji Bibiana. "Kazar da ke kan ƙwai? Oga Sati, in ka taɓa ta, kai za ka kwanta a kan ƙwan."

"Jet ɗin Turai ne a cikinta."

"To ka jira shi ta ƙofar baya."

Haka aka yi. Aka ɗaure kaza a gindin mangwaro, Injiniyan Tudu da Ruwa ya tsuguna da tsinke yana tona duk abin da ta ajiye. Masu kawo markaɗe suna wucewa suna yi masa sannu da jinya. Kaza kuwa ta riƙe amana, ba ta saki komai ba.

Da ya gaji, ya ce dama jet ɗin ƙawa ne. Ya mayar da kafireto haka nan, ya shiga jan igiya. Ya ja har rigarsa ta jiƙe. Injin ya yi tari sau ɗaya, fetur ya tsiyayo ta ƙasa, ya yi shiru.

"Turi yake so," in ji Kawu. "Duk injin da ya ƙi tashi da hannu, a tura shi."

Aka samo baro. Aka ɗaure injin a ciki da roba, farfela a sama. 'Yan acaɓan bakin layi suka ajiye baburansu suka zo taimako, don su ma abin da suka sani ke nan.

"Kawu," na ce, "tayar baro da farfela me ya haɗa su?"

"Kai da ka zauna a Fatakwal ba ka sani ba? Iska. In an yi gudu iska za ta juya farfela, farfela ta juya giya, giya ta tada inji. Ku dai in na ce ku saki, ku ƙara turawa."

Ya hau baron ya zauna a kan injin, ya sa giya. Suka kwasa da gudu a gangaren layinmu. Mata suka janye tiren tallansu, awaki suka watse. Farfela ko motsi. Kawu na cewa a ƙara wuta, a ƙara wuta, har tayar baro ta sami bakin kwalbati. Injin dai robar ta riƙe shi. Kawu ne ba a ɗaure ba.

Da aka tsamo shi daga kwata, abin da ya fara cewa shi ne, "Ya kusa kamawa. Kun ji?"

Washegari dole ta kai shi wajen Nwankwo neman jet. Nwankwo ya baje masa na babur iri-iri a kan kanta.

"Injiniya, wane lamba?"

"Lamba ta 'yan koyo ce. Ba ni wanda ya fi kowanne faɗin rami. Injin ruwa ba ya shan mai da cokali."

"Na ji an ce kaza ka ɗauka mataimakiya."

"Ka tanadi rigar biki, Nwankwo. Kai za ka raba lemo."

Abin mamaki, da sabon jet injin ya tashi. Ya tashi da wata ƙara da ta sa limamin masallacin layinmu ya aiko a tambaya ko lafiya. An ɗaure shi a jikin benci, yana rawa, bencin na tafiya da shi. Ba a jima ba ya fara ƙauri, wani hayaƙi mai warin ƙonannen takalmi ya turnuƙe rumfar. Na ce a bakin ruwan Fatakwal na sha ganin ana tsoma ƙafar irin wannan inji a durom kafin a tada shi.

"Ai abin da nake shirin yi ke nan ka riga ni da baki," in ji Kawu.

Matsalar ita ce famfo ya daɗe bai ce uffan ba a Samaru. Durom ɗaya ne cike a duk gidan, na Bibiana, wanda 'yan ga-ruwa suka cika mata da safe. Ita kuma ta tafi koyon waƙa na zumuntar matan coci. Ta bar wanki a igiya, da garin masara a shanye a tabarma.

"Aro za mu yi," in ji Kawu. "Ruwa ba ya ragewa don an tsoma abu."

Ya rataya injin a bakin durom ya ja igiya. Ya tashi. Nan take wani siririn ruwa ya fara tsartuwa daga gefensa, kamar yaro a jikin katanga. Kawu ya kashe shi da sauri.

"Ka gani? Yoyo. Shi ya sa marigayi ya jingine shi."

Ya cusa tsinken ashana a ramin, ya bi da sabulu ya shafe, kamar yadda ake yi wa lagireton tsohuwar mota. Ya sake tayarwa, ba tsartuwa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya don ya tabbata mun gani.

Sai giya. Ya tura hannunta gaba, injin ya yi gurr, ya yi gaf, ya mutu. Ya sake, ya sake mutuwa.

"Silo ne ya yi ƙasa."

Ya sa sukundireba ya murɗa silo, ƙusar da ke saita gudun inji in yana tsaye, har injin ya koma kuka kamar ana yanka shi. Sannan ya danna giya da ƙarfinsa.

Ban taɓa ganin durom ya yi amai ba sai ranar. Ruwan ya tashi sama gaba ɗaya, ya sauka a kan wanki, ya sauka a kan gari, ya sauka a kan kazar da ke ɗaure. Farfela ta sami cikin durom ta shiga yi masa kiɗa, ta tsaga shi daga gefe. Daidai nan Bibiana ta shigo da anko ɗin zumunta, tana ƙarasa baitin da aka koya musu. Ragowar ruwan, mai haɗe da baƙin mai, ita ya jira.

Ta tsaya tana ɗiga. Ta dubi garin da ya zama kunu.

"Oga Sati, me na yi maka a duniya?"

"Maman Happiness, gwaji ne. Ki gode Allah a gidanki aka fara."

"Kazata ka ɗaure, ruwana ka zubar, tuwon 'ya'yana ka dama. Matar da kake yi wa wannan hauka, ta san ko kwano ba ka iya wankewa?"

"In an yi biki ke ce uwar girki."

"Da wane ruwan?"

Mahaifiyata ce ta raba su, ta kuma karɓe farantinta.

Kawu bai karaya ba. Abin da ya dame shi kawai shi ne giyar. Ya zauna yana kaɗa hannunta gaba da baya yana tsaki.

"Gaba, firi, baya. Shi ke nan? Babur ɗin da yara ke hawa na da huɗu, sai wannan ƙaton? Bature ɓoye sauran ya yi don kada baƙin mutum ya yi gudu."

Ya kwance sandar da ke sauka daga hannun giya zuwa ƙafar injin, ya juya ta, ya lanƙwasa ta a bakin dutse, ya mayar. Ya kuma gano wani ɗan ƙarfe da ke hana igiya jawuwa in injin na cikin giya. Ya fincike shi ya jefa kan rufi.

"Na masu tsoro ne."

"Ba za ka sake gwadawa ba, Kawu?"

"A wane durom? Ka ga wani zai ba ni?"

Ranar Lahadi, ana tashi daga sujada, Kawu ya cika akori-kura. Ya ɗauko Baba Othniel, dattijon ikilisiyarmu, wanda tun daren jiya yake haddace jawabin neman aure. Ya ɗauko ƙullin goro a ganye, da akwatunan lemo. Ya ce ba sai an wahalar da manya zuwa Sabon Gari ba, Madam na saukowa daga jirgi a yi magana a bakin ruwa. Matan zumunta suka bi mu a bas, Bibiana a gaba, ta ce ko da kuɗin motarta sai ta ga ƙarshen abin nan.

Clementina ta iso a motar Nwankwo, wai hanya ce ta haɗa su. Ta sha ado da zani mai nauyi da ɗankwali kamar hasumiya, tana riƙe da babbar robar da za ta zubo kifi.

Kwale-kwalen aro ne, na wani masunci, irin wanda aka sassaƙa daga gungume, bayansa a tsuke. Ba inda za a rataya inji. Kawu ya zo da shirinsa: guntun katako da ƙusoshi.

"Jirgina bai saba da ƙusa ba," in ji masuncin.

"Yau zai waye."

Ya buga katakon a gindin jirgin, ya ɗaure injin a kai. Masuncin ya miƙa masa filafili. Kawu ya mayar masa.

"Wanda ke da inji ba ya yawo da muciya."

Clementina ta zauna a gaba, robarta a cinya. Aka tura su suka ɗan yi nisa da gaɓa. Kawu ya miƙe tsaye, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya saita giya a firi, ko inda firi yake a da, ya ja igiya.

Injin ya tashi da ihu, jirgin kuma ya tafi nan take. Da baya.

Kawu ya zube a gwiwa. Ruwa ya dinga hawowa ta gindin jirgin yana cika masa wando. Ya tura giya gaba, jirgin ya ƙara wuta da baya. Ya nemi firi, babu firi. Ya rungume hannun tuƙi, sai jirgin ya shiga kewaya, ya zo ya wuce ta gabanmu, Clementina na fuskantarmu zaune ƙyam kamar hoton kalanda, ya tafi, ya sake dawowa.

"Haka ake tafiya a Lakwaja?" Baba Othniel ya tambaye ni.

"Sati, kashe shi," muka ji Clementina ta ce da suka zo wucewa.

"Yana ɗumi ne, Madam."

Da suka sake zagayowa, hayaƙi ne ke fita ta inda aka shafa sabulu.

"Sati, na ce ka kashe shi."

"Saura kaɗan in samo giya ta biyu."

Bibiana ta ɗaga murya ta fara waƙar jana'iza, matan zumunta suka amsa mata.

Ganin haka Kawu ya tattara ƙarfinsa ya fizgo hannun giya baya da hannu biyu. Wani abu ya yi ƙara a ƙafar injin. Jirgin ya tsaya cak, injin kuma ya yanke shawarar tafiya gaba. Ƙusoshin suka zare kamar haƙoran tsoho. Inji da katako suka bi ta gefen jirgin, Kawu na riƙe da su, suka faɗa ruwa tare. Ya saki. Injin ya ci gaba shi kaɗai a kan katakonsa, yana fesa ruwa, ya miƙe sak ya nufi tsakiyar dam. Can ya yi tari, ya ɗaga kai, ya nutse.

Mutumin Kwara da Binuwai kuwa yana dukan ruwa yana kiran Yesu da sunan mahaifiyarsa a haɗe.

"Ban iya ba. Jama'a, ban iya ba."

Masuncin bai ko tashi daga inda yake tsugune ba. "Malam, sauke ƙafarka."

Kawu ya sauke. Ruwan ya tsaya masa a cibiya.

Clementina ta rage ita kaɗai a jirgi, ba inji, ba filafili, ruwa har idon sawu. Ba ta kira kowa ba. Ta daɗe tana duban inda kumfa ke tasowa a tsakiyar dam, har kumfar ta ƙare. Sannan ta kwashe ruwan jirgin da robar kifinta, ta durƙusa, ta shiga tuƙi da robar, dama da hagu. Ɗankwalin bai goce ba. Ta wuce Kawu a hanya ba ta dube shi ba.

Tare suka iso gaɓa, ita a jirgi, shi a ƙafa, ciyawar ruwa a kafaɗarsa.

"Madam, kin ga gudun da ya yi daga ƙarshe? Giyar da Bature ya ɓoye ke nan. Na samo ta."

"Ka samo ta."

"Kuma injin ruwa ne, zama a ruwa ba ya yi masa komai. Rani na yi za a gan shi."

Baba Othniel, wanda kunnensa ba ya ɗaukar komai sai abin da ya shirya faɗa, ya gyara babbar riga, ya ɗauki ƙullin goro ya matso.

"'Yata, mun zo ne a madadin ɗanmu Sati. Mun ga wani fure a lambun gidanku..."

"Baba, ku dakata." Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, zaninta na ɗiga. "Na ce injin ya kai ni tsallake ya dawo da ni. Bai kai ni ba. Robata ce ta dawo da ni. Shi kuma ya bi mai shi."

Ta miƙa hannu biyu ta karɓi goron. Fuskar Kawu ta washe, ya fara gyara wuyan rigarsa, har ya juyo ya ƙifta mini ido.

Clementina ta juya ta ɗora ƙullin a hannun Nwankwo.

"Riƙe wannan. In ka tashi turo naka manyan, ba sai kun tsaya saye ba."

Matan zumunta suka rangaɗa guɗa. Bibiana ta riga ta buɗe akwatin lemo da haƙori tana rabawa. Kawu ya buɗe baki, ruwan dam ne kawai ya fito.

Baba Othniel ya dubi Kawu, ya dubi goron, ya dubi Nwankwo. Sannan ya matsa kusa da Nwankwo ya rage murya, irin ragewar kurma da kowa ke ji.

"Ɗana, in ba ku da mai magana, ni jawabina a shirye yake. Suna kawai zan canja."